Zalika Sule: Tarihin 'Yar Wasa Daga Zamanin Majigi Zuwa na Bidiyo

3.0 Gabatarwa

Babin da ya gabata ya yi bayani a kan ma'anar wasan kwaikwayo da rabe-rabensa a ƙasar Hausa. Shi kuwa wannan babi zai dubi matsayin mace a cikin wannan fage, ta hanyar bin diddigin rayuwar 'yar wasa guda ɗaya, wato Zalika Sule ta Jamhuriyar Nijar, wadda a rubutun Faransanci ake rubuta sunanta Zalika Souley. Mai karatu na iya tambayar dalilin da ya sa aka tsallaka iyaka aka ɗauko 'yar Yamai, wadda mafi shaharar fina-finanta da Zabarmanci da Faransanci aka yi su, a cikin nazarin da ya shafi Hausa. Amsar ita ce, a duk faɗin yankin da Hausawa suke zaune, daga Katsina har Damagaram, ita ce mace ta farko da ta ɗauki fitowa a fim a matsayin sana'a, kuma al'ummar da ta yi wasa a gabanta Musulmi ce, mai auren mace fiye da ɗaya, mai ɗaukar kunya a matsayin adon mace. Abin da ya same ta ya riga abin da ya sami 'yan wasan Kano da kimanin shekara talatin.

An saba cewa tsangwamar jama'a ce take kashe sana'ar 'yar wasa a wannan yanki. Babin zai yi ƙoƙarin nuna cewa wannan magana rabin gaskiya ce. Zalika ta sha zagi na shekara goma sha bakwai ba ta bar wasa ba. Abin da ya durƙusar da ita shi ne ba ta mallaki komai daga cikin abin da ta yi ba, saboda haka ranar da masu kyamara suka daina kiran ta, sai ta wayi gari hannu rabbana.

3.1 Fim Marar Magana da Zuwan Majigi

An fara nuna wa jama'a fim don kuɗi a birnin Faris a shekarar 1895, kuma bai daɗe ba ya iso Nijeriya, domin an nuna shi a zauren Glover da ke Ikko a 1903. Fina-finan wancan lokaci ba su da magana, sai motsi kawai, har zuwa 1927 da aka fara haɗa hoto da murya a Amurka. A can an sami matan da suka ratsa duk waɗannan zamuna. Misali, Lillian Gish ta fara fim marar magana a 1912, ta yi wasan dandamali da na talabijin, kuma fim ɗinta na ƙarshe ya fito a 1987, wato shekara 75 ke nan tana cin abinci da sana'a ɗaya. A Indiya kuwa, wadda Bahaushe ya fi sanin fina-finanta, farkon abin ya yi kama da namu. Lokacin da Dadasaheb Phalke ya shirya Raja Harishchandra a 1913 bai sami macen da za ta yarda ta tsaya gaban kyamara ba, sai wani saurayi mai suna Anna Salunke aka ɗaura wa zane ya fito a matsayin sarauniya.

A ƙasar Hausa fim ya shigo ta ƙofa biyu, kuma bambancin ƙofofin nan yana da muhimmanci ga tarihin mace. Ƙofa ta farko ita ce majigi. Wani jami'in kiwon lafiya Bature mai suna William Sellers ne ya fara amfani da fim wajen wayar da kan jama'a a Nijeriya tun ƙarshen shekarun 1920, kuma shi aka ba shugabancin sashen fina-finai na mulkin mallaka da Ingila ta kafa a 1939. Mota ce ake ɗora wa janareta da na'urar haska hoto da lasifika, ta riƙa bin garuruwan hakimai. Idan ta sauka sai mai shela ya zagaya, bayan sallar lisha a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko a filin makaranta. Yawancin fina-finan ba su da magana, ko kuma maganar da Turanci take, don haka akwai ma'aikacin da yake riƙe da abin magana yana fassara wa jama'a abin da suke gani. Shi ne muryar kowa a cikin fim ɗin, namiji da mace. Yankin auduga na kudancin Katsina, inda Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suke, wanda audugarsa take tafiya injinan gurza na Funtuwa da Malumfashi, yana cikin irin wuraren da aka shirya waɗannan fina-finai dominsu. Shi ya sa har yau dattawa suke tuna Baban Larai, fim ɗin da aka yi a shekarun 1950 don koyar da noman zamani. Ko sunan fim ɗin abin lura ne: an ambaci Larai, amma labarin na babanta ne.

Ƙofa ta biyu ita ce gidan silima na kuɗi. An buɗe Rex a Kano a 1937, wasu suka biyo baya, akasarinsu na Kwarori. Kamar yadda Brian Larkin ya nuna a littafinsa Signal and Noise (2008), Bahaushe bai ɗauki majigi da silima abu ɗaya ba. Majigi na hukuma ne, a fili ake yin sa, da izinin sarki, yara da tsofaffi duk suna zuwa. Silima kuwa wuri ne mai duhu da ake shiga da dare, kuma duk macen da aka gani a ciki sai a kira ta karuwa. Gobarar silimar El-Duniya ta Kano a watan Mayu 1951, wadda ta ci rayuka fiye da 300, ta ƙara ƙarfafa wa mutane da yawa cewa wurin ba na alheri ba ne. To, idan mai kallo ma haka aka ɗauke ta, ina ga wadda hotonta yake a jikin ƙyallen?

3.2 Mace a Dandali da Dandamali

Ba daidai ba ne a ce macen Bahaushe ba ta san kwaikwayo ba sai da Bature ya zo. Yarinya tana fara shi tun daga wasan 'yartsana, inda take aurar da ɗiya, ta yi mata jere, ta yi suna. A tashen watan azumi 'yan mata suna yin Mairama da Daudu, ɗaya ta sa riga da hula ta zama miji, su kwaikwayi zaman aure a tsakar gidan mutane, kowa yana dariya. Sai dai wannan dama tana da iyaka: da zarar an ɗaura wa yarinya aure, ta bar dandali ke nan. Manyan matan da suka ci gaba da wasa a bainar jama'a su ne 'yan bori da zabiyoyi da matan gidan magajiya. Daga nan ne aka sami haɗa wasan mace baliga da zaman kai, tun kafin a san kyamara.

Da wasan kwaikwayo na zamani ya shigo ta makarantun boko, sai abin ya juya. Makarantun maza sun fi yawa, saboda haka ɗalibi namiji ne yake ɗaura zane da kallabi ya zama amarya ko uwargida. Marubuta irin su Shu'aibu Maƙarfi a Jatau Na Kyallu da Mohammed Sada a Uwar Gulma sun gina wasanninsu a kan matsalolin mata, amma samun macen da za ta hau dandamali ta faɗi maganganun ya kasance aiki. Rediyo ce ta fara sassauta wannan ƙulli, domin murya ake ji ba a ganin fuska. Bayan an buɗe gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna a 1962, sai fuskokin ma suka fara bayyana, da kaɗan da kaɗan.

A Nijar, dandamali ya sami gata a zamanin Janar Saini Kunce, wanda ya karɓi mulki a 1974 ya farfaɗo da ƙungiyoyin Samariya, ana gasar wasanni tsakanin jihohi. Janet Beik ta yi nazarin waɗannan ƙungiyoyi a littafinta Hausa Theatre in Niger (1987), musamman na Damagaram, inda Yazi Dogo ya yi fice. Akwai mata a cikinsu, amma wasan na sa kai ne, kowa da abin da yake ci da shi. A lokacin nan Zalika ta riga ta shekara takwas tana fitowa a fim.

3.3 Shigowar Zalika Fagen Fim

An haifi Zalika Sule a Yamai ranar 7 ga Oktoba 1947. Fim ɗin Nijar da ta tarar jariri ne, kuma shi ma kusan bebe aka haife shi. Bafaranshen nan Jean Rouch, wanda ya daɗe yana aiki a bakin kogin Kwara, da ƙaramar kyamarar da ake ɗaure wa wani yake ɗaukar hoto, wadda ba ta ɗaukar sauti. Haka ya yi Moi, un Noir a Abijan, wanda ya fito a 1958: an ɗauki hoton da farko, daga baya aka zaunar da tauraron fim ɗin, wani ɗan dako ɗan Nijar mai suna Umaru Ganda, yana kallon kansa yana magana a kai. Idan aka duba da kyau, aikin mai fassarar majigi ne aka shigar cikin zaren fim. Shi ma Mustafa Alhassan, wanda ya yi fim ɗin farko na ɗan Nijar, Aouré, wato Aure, a 1962, da wasan inuwa da fitila ya fara nishaɗantar da mutanen ƙauyensu kafin ya taɓa kyamara.

Mustafa Alhassan ne ya fara sa Zalika a fim, a 1966, tana da shekara goma sha tara ko ƙasa da haka kaɗan. Sunan fim ɗin Le Retour d'un aventurier, ma'ana dawowar ɗan yawon duniya, kuma tsawonsa bai fi rabin sa'a da 'yan mintoci ba. Labarin wani saurayi ne, Jimi, da ya dawo ƙauyensu daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi. Ya raba wa abokansa huluna da takalma da bindigogi, kowa ya sake suna, suka hau dawaki suka addabi gari da sata da faɗa har aka kai ga zubar da jini. Mace ɗaya ce a cikin gungun, ita ce Zalika, a matsayin Sarauniya Kirista, wato Reine Christine. Manufar mai fim ɗin ita ce ya yi wa samarin zamaninsa ba'a, waɗanda fina-finan kaboyi suka juya wa kai. Amma abin da mutanen Yamai suka riƙe daban ne: sun ga 'yar unguwarsu da wando, bisa doki, da bindiga, a tsakiyar maza.

Ana yawan kiran ta 'yar wasan fim ta farko a Afirka ta kudu da Sahara. Wannan magana tana buƙatar gyara kaɗan, domin a wannan shekara ta 1966 Mbissine Thérèse Diop ta fito a La Noire de... na Usman Sembene a Senegal. Abin da ya bambanta Zalika shi ne ɗorewa. Ta ci gaba da fitowa, fim bayan fim, har ta zama fuskar da ake gane fim ɗin Nijar da ita.

3.4 Shekarunta da Umaru Ganda

Mafi yawan aikin da ya ɗaukaka sunanta da Umaru Ganda ta yi shi. An haife shi a Yamai a 1935, ya shiga sojan Faransa yana ɗan shekara 16, aka kai shi yaƙin Indocin, wato yankin Biyetnam na yanzu. Bayan zaman Abijan ya dawo gida ya koyi shirya fim a cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar. Fim ɗinsa na farko, Cabascabo (1968), rayuwarsa ce ya juya: tsohon soja ya dawo da kuɗin sallama, abokai da matan bariki suka taya shi cinye su, da aljihu ya bushe kowa ya watse. Zalika ta fito a matsayin Hawa, macen bariki. An nuna fim ɗin a bikin Kan na Faransa a 1969, kuma ya sami kyauta a Mosko a wannan shekara.

Na biyu shi ne Le Wazzou polygame, kuma a nan ya kamata a ɗan dakata, domin shi ne ƙololuwar aikinta, shi ne kuma ya fi jawo mata baƙin jini. Kalmar wazzou ita ce wa'azi. Wani attajiri ne ya dawo daga Makka da sunan Alhaji, yana da mata biyu, idonsa ya faɗa kan wata yarinya Satu, wadda aka riga aka yi wa wani saurayi Garba alkawarinta. Iyaye suka ga kuɗi suka ba Alhaji. Matarsa ta biyu, Gaika, ta ƙi yarda a yi mata kishiya, ta ƙudura kashe amarya a daren biki, amma cikin duhu ta kashe ƙawar amarya. Zalika ce Gaika. Duk wanda ya san littattafan soyayya na Kano da fina-finan da suka biyo bayansu zai ga cewa babu wani jigo a nan da baƙo ne gare shi: auren dole, auren kuɗi, kishi, da mai fakewa da addini don biyan buƙatar ransa. Bambancin kawai shi ne Ganda ya riga su da shekara ashirin. A 1972, shekarar da bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, wato FESPACO, ya fara ba da babbar kyautarsa, wannan fim ne ya cinye ta.

Daga nan ta fito a FVVA na Mustafa Alhassan (1972), wanda haruffansa suke nufin mace, gida, mota, kuɗi, labarin ƙaramin ma'aikacin da ya ci kuɗin hukuma don ya yi rayuwar da ta fi ƙarfinsa. Ta kuma fito a Saïtane, wato Shaiɗan, inda Ganda ya taɓo malaman tsibbu, da L'Exilé (1980). A waɗannan shekaru ta zagaya bukukuwan fina-finai na ƙasashe, ana karɓar ta a matsayin wakiliyar Nijar.

A gida kuwa labarin daban ne. Idan aka jera matsayin da aka fi saninta da su, za a ga 'yar fashi, da macen bariki, da kishiya mai kisan kai. Masu kallo da yawa ba su raba ta da waɗannan mata ba. Ba za a ce wauta ce ta sa haka ba. Mutanen da suka fara sanin fim ta hanyar majigi an koya musu cewa abin da ke jikin ƙyalle gaskiya ne: ga Sarauniyar Ingila ta sauka Kaduna, ga yadda ake feshin auduga, ga yadda ƙuda yake kawo cuta. Ba a taɓa zaunar da su an ce wannan na gaske ne wancan kuwa shiri ne ba. Sa'annan a wasannin gargajiya mai kwaikwayo yakan ɓoye a bayan wani abu, ko gemun auduga irin na tashe, ko iskan da ya hau ɗan bori, ta yadda ba a kama shi da laifin abin da ya faɗa. Zalika da fuskarta ta fito, da muryarta, a cikin unguwannin da aka san ta. Ita ma ba ta sassauta ba, domin wandon da ta sa a fim ta ci gaba da sa shi a titi. Maza irin su Ganda sun fito a matsayin mashaya da mayaudara a fina-finan nan, ba a bi su da wannan suna ba.

3.5 Durƙushewar Sana'a

Duk da haka ba zagi ne ya tsayar da ita ba. Har 1983 tana aiki, shekarar da ta fito a Aube noire na Jingarai Maiga, da Pétanqui na Yeo Kozoloa a ƙasar Kwaddibuwa. Abin da ya faru shi ne ginshiƙan da suka riƙe fim ɗin Nijar sun zube kusan lokaci guda. Tun farko ba kuɗin 'yan kallo ne suke yin fina-finan ba. Ma'aikatar haɗin gwiwa ta Faransa, wadda ta buɗe ofishin fim a 1963, ita take ba da tallafi, a Faris ake wanke zaren a haɗa shi, ita kuma ta riƙe damar nuna shi a cibiyoyinta. Gidajen silima na Yamai da Maraɗi da Damagaram fina-finan Indiya da na Amurka da na Sin suka fi nunawa, domin sun fi araha. A ƙarshen shekarun 1970 Faransa ta janye hannunta daga wannan tsari. Farashin yuraniyom, wanda gwamnatin Nijar ta dogara da shi tun da aka fara haƙarsa a Arlit a 1971, ya faɗi a farkon shekarun 1980. Sa'annan Umaru Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981, yana da shekara 45. Daga baya bidiyo ya shigo gidaje, aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a Janairu 1994, gidajen silima suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Mai shirya fim yana da abin da zai koma wa. Mustafa Alhassan ya koma Tawa ya ci gaba da 'yan fina-finansa na zane da na 'yartsana har ya rasu a 2015, kuma sunansa yana kan kowane zare da ya ɗauka. An sa wa babbar cibiyar al'adu ta Yamai sunan Umaru Ganda, haka ma kyautar da FESPACO take ba wanda ya yi fice a fim ɗinsa na farko. 'Yar wasa kuwa sallama ake yi mata sau ɗaya, idan an gama ɗauka an gama da ita.

Wata 'yar jarida 'yar Nijar, Rahmatu Keita, ita ce ta dawo da sunan Zalika bakin duniya da fim ɗin tarihi mai suna Al'lèèssi, kalmar da take nufin ƙaddara, wanda ya fito a 2004 kuma aka nuna shi a bikin Kan a 2005. A ciki an ga matar da ta wakilci ƙasarta a manyan biranen duniya tana zaune da 'ya'yanta huɗu a ɗaki biyu a Yamai, gidan ko famfo babu. Fim ɗin ya rufe da sanarwar cewa ta bar ƙasar a shekarar 2000 ta tafi aikatau a ƙasar waje. Ta rasu ranar 27 ga Yuli 2021, tana da shekara 73.

3.6 Abin da Ya Biyo Baya a Kano da Kaduna

Lokacin da fim ɗin Nijar yake mutuwa, na Hausa a Nijeriya yake shirin haihuwa, kuma ta wata hanya daban. An yi 'yan fina-finan silima, kamar Shehu Umar na Adamu Halilu (1976), amma tushen sana'ar yana cikin ƙungiyoyin wasan dandamali da na talabijin, musamman bayan buɗe CTV a Kano a farkon shekarun 1980. Ɗaya daga cikinsu, Tumbin Giwa, ita ta fitar da Turmin Danya a kaset a 1990. A nan kuɗin 'yan kallo ne suke juya sana'ar, kuma mafi yawan masu kallon matan aure ne a cikin ɗakunansu, waɗanda gidan silima ya haramta gare su. Kaset ya kai fim har Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, inda a da sai motar majigi ta ga dama.

Kasuwa ta samu, amma tsohon kallon da ake yi wa 'yar wasa bai sake ba. Hauwa Ali Dodo ta fito a matsayin Biba, muguwar kishiya, a fim ɗin Ki Yarda da Ni, wanda aka ɗauko daga littafin Bilkisu Funtuwa a ƙarshen shekarun 1990, kuma da sunan Biba Problem aka kira ta har ta rasu a hatsarin mota a farkon Janairu 2010. Saratu Giɗaɗo, wadda malamar makaranta ce kafin ta shiga fim a 2000, ta shekara 24 tana fitowa a matsayin masifaffiya, sunan Daso ya danne nata har rasuwarta ranar 9 ga Afrilu 2024. Wannan gadon Gaika ne. Abin lura shi ne, irin waɗannan da masu fitowa a matsayin iyaye, kamar Amina Garba da aka fi sani da Mama Dumba, su ne suka daɗe. Budurwar da take jan fim ba ta cika wuce 'yan shekaru ba sai aure ya ɗauke ta, kamar dai yadda yake ɗauke 'yar tashe daga dandali. Ga kuma hannun hukuma: bayan ƙaddamar da Shari'a a Kano a 2000 an kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001, kuma rikicin 2007, wanda ya taso a kan rayuwar wata 'yar wasa ta bayan fage, ya sa aka tsayar da sana'ar baki ɗaya na watanni.

Inda aka sami sauyi na gaske shi ne wajen mallaka. A watan Oktoba 2016 ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda fitowar da ta yi a bidiyon waƙar mawaƙi ClassiQ. Da a zamanin Zalika ne, da wannan ya isa ya rufe littafinta, domin kyamara a hannun mutum uku ko huɗu take. Amma a shekarar da ta biyo baya sai ta fitar da fim na kamfaninta, Rariya. Tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014 da kuma YouTube sun ƙara yawan ƙofofin da mace za ta iya bi ba tare da ta jira kira ba.

Wannan dama ba ta kai ga waɗanda suka share fagen ba. A watan Fabrairu 2022, wata bakwai bayan rasuwar Zalika, sashen Hausa na BBC ya yi hira da Ladin Cima, wadda masu kallon talabijin suka sani da Tambaya tun kafin a san kaset. Ta yi kuka a gaban kyamara, ta ce Naira dubu biyu zuwa dubu biyar ake sallamar ta da su idan ta fito a fim, kuma bayan duk shekarun da ta yi tana wasa ba ta da gidan kanta. Wasu manyan masu shirya fim, ciki har da Ali Nuhu da Falalu Ɗorayi, sun fito sun ce sun biya ta fiye da haka a ayyukansu. Gardamar ta ɗauki makonni, kuma kusan dukkanta a kan yawan kuɗin sallama ta tsaya, ko dubu biyar ne ko dubu talatin.